Fasinjan Kwalin Ashana

Ni mai faci ne a bakin kasuwar Dole.
Iska nake sayarwa.
Shekara ashirin da ɗaya ina cusa ta cikin taya,
ban taɓa tambayar ta ko tana son sama ba.

Ran Laraba Tsahara ta taso daga lakwal
da alli har a gira,
ta ce, Baba, ara mini famfonka.
Wai Mushe Kanta ya nuna musu a waya:
wata ƙasa can bayan teku,
masu cinkoso irin namu, masu ɗauke wuta irin tamu,
sun harba roka ta huda gajimare,
yanzu kujera suke ƙerawa a cikinta,
mutum suke so su aika.

Na ce, ai su sun ƙoshi.
Ta ce, ba su jira ƙoshi ba.

Da la'asar muka hau duwatsun bayan Birni.
Rokar gorar lemo ce,
fukafukanta kwalin sukari,
hancinta guntun tiyo daga shagona.
Ta auna ruwa, kashi ɗaya cikin uku.
Inna Dubu ta biyo mu da sanda da mita:
Ruwan da na bi wa layi tun asuba,
shi za ku watsa wa sama?
Ita da ta hana mu nata tun bara!

Akwai fasinja.
Buzuzu ne, cikin kwalin ashana,
an shimfiɗa masa auduga,
an huda masa tagogi da allura.
A bisa kwalin ta ɗaura baƙar leda da zare huɗu.
Na ce, wannan fa? Ba tashi kike so ba?
Ta ce, lema ce.
Mushe ya ce ba a ƙirga tafiya
sai wanda aka aika ya dawo da ransa.

Hannuna ya tsaya a kan famfo.

Shekara huɗu ke nan.
A tashar motocin Agadas
ni na ɗaure wa yayanta Nomau jaka da roba,
ni na zagaya motar, na shuri tayoyin ɗaya bayan ɗaya,
na ce wa direba ta baya tana son iska.
Duk lissafina na tafiya ne.
Na dawowa, ko alƙalami ban ɗauka ba.

Baba, buga mana!

Na buga. Gorar ta yi tauri kamar cikin mai kumburi.
Yara na ƙirga da baya da baya,
Inna na jan carbi gaba da gaba,
sai fuu!
Ruwa ya wanke mana fuska.
Ta wuce dutsen da awaki ke tsoro,
ta sa shirwa ta kauce hanya,
ta tsaya cak, kamar mai tunanin abin da ta manto a gida,
ta juyo da ka.

Ledar ta ƙi buɗewa.
Ta ƙi.
Ban san na ce Ya Salamu da ƙarfi ba
sai da ta buɗe.

Can kusa da majema muka tsinto kwalin.
Tsahara ta ja shi a hankali.
Yana kwance rigingine, shiru.
Sai ƙafa ɗaya ta motsa, sai ta biyu.
Inna ta sunkuya da ƙyar, ta ce,
Sannu da hanya, bawan Allah, ka iske mu lafiya.

Da dare ta rubuta a kaye:
zare ya yi gajere, ruwa ya yi yawa,
famfon Baba yana yoyo.
Ta raba aiki. Ita ce mai tashi.
Ni aka ba lema.

Yanzu in ciniki ya lafa
ina gwada leda a kan gwiwa, ina auna zare,
wayata cike da caji a aljihun gaba.