Turmin Hagu

Ina ɗan shida ya fito, a Gumel,
can ƙuryar baki, ba wanda ya yi masa guɗa.
Shi ya fasa mini aya, ya tatse rake,
ya sha fama da ƙanzon tukunyar Goggo Ladidi,
bai taɓa kai ƙara ba.

Sai a Sheffield, bayan shekara talatin da ɗoriya,
ina jan bas ɗin asuba, gari bai waye ba,
na kurɓi shayi,
wuta ta tashi daga muƙamuƙi ta haye kunne.
Ashe bango ya daɗe da tsagewa,
ƙadangare har ya yi iyali a ciki.

Kwana tara ina cusa kanumfari.
Kwana tara filo bai san kaina ba.

Na ce wa Dakta Fenwick, cire shi mu huta.
Ta ɗaga hoton ƙashi saitin fitila,
ta ce, sama ce ta ƙone, saiwa na da rai.
Wa ke sare bishiya don reshe ya bushe?

Allura a dasashi, leɓe ya zama na aro.
Na'ura na kuka kamar sauro a daren damina.
Ta kwashe ruɓaɓɓen ɓargo kaɗan-kaɗan,
yadda ake yanke ɓacin mangwaro a bar na sha.
Jini ya ɓullo, ta danna auduga, ta dubi agogo,
ni ina ƙirga ramukan silin.
Da ya tsaya, sai na ji ta saki numfashi.
Ta shafe, ta cike, ta rufe,
ta ce sai baɗi war haka.

Baɗi ta zo da ruwan sama, kamar kullum.
Ta ɗauko auduga mai sanyin ƙanƙara
ta ɗora masa.
Na zabura.
Ta ce, ka ji?
Na ce, har ƙeya.
Ta yi dariya: mataccen haƙori ba ya jin sanyi.

Shekara goma sha ɗaya ina zagin sanyin garin nan,
a tasha, a layi, a bakin ƙofa.
Ranar na gode masa.

Da dare na kwance ƙullin da Yaya Tasalla ta aiko,
ayar da na ɓoye tun bara don tsoro.
Na zaɓi mafi tauri,
na tura ta hagu.
Ƙas!
Daga ɗaki ɗiyata ta ce, Baba, me ya fashe?
Na ce, ba komai, wani tsoho ne ya koma bakin aiki.