Awa Bakwai da Rabi

Teburina yana Wuse, a hawa na biyu,
tsakanin mai gyaran waya da mai buga katin biki.
Nan nake sayar da sararin sama
ga duk wanda aljihunsa ya yi nauyi,
ni da ko matakalar jirgi ban taɓa takawa ba.

Hajiya Barira ta shigo da hantsi,
jaka a cinya, goro a kunci,
ta ce, "Ɗan nan, daga Dubai zuwa Gwanzu
zaman nawa ne? Ƙafata ba ta son lanƙwasa."
Na danna, kwamfuta ta yi ɗan nazarinta.
Na ce, "Kilomita dubu shida, kaɗan babu.
Awa bakwai da rabi, in iska ba ta yi gardama ba.

Ki tashi goma na safe,
ki sauka agogonsu na cewa tara da rabi na dare."
Ta baje yatsu, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.
"To awa huɗun nan, wa ya ci?"
Na ce, "Ajiya ce, Hajiya.
Ranar komowa za su miƙo miki abinki."
Ta yi dariya har haƙorin Makka ya leƙo,
ta ce, "La'asar fa, a saman ƙasar wa zan yi ta?"
Wannan kam injin bai faɗa ba.

Ta biya, ta bar mini na ruwa.
Fitilun sola za ta saro, kwantena guda.

Biyar da kwata na ja ƙofa.
Mu shida a motar mutum huɗu,
gwiwar wani a haƙarƙarina, buhun garin wata a ƙafata.
A gadar Nyanya muka tsaya cak.
Mai dafaffiyar masara ya wuce mu sau uku.
Na duba agogo, na yi lissafin da na saba:
da Hajiya ce, da yanzu tana saman Indiya,
an kawo mata shayi, ta cire takalmi,
ni ko Mararraba ban hango ba.

Nan waya ta yi ƙara. Inna ce, daga Gangare.
Ina jin sanyin Jos a muryarta,
ina jin rediyon maƙwabta, da tukunya tana tafasa.
"Yaushe?" in ji ta. Kullum kalmar ke nan.
Na ce aiki, na ce hanya, na ce ƙarshen wata.
Ta ce, "To."

Na san hanyar kamar tafin hannuna:
Keffi, Akwanga, Hawan Kibo inda kunne ke toshewa,
awa biyar in direba ba mai tsaye-tsaye ba ne.
Bai kai Dubai zuwa Gwanzu ba.
Ba biza, ba awon kaya, ba mai tambayar fasfo.
Wata goma sha ɗaya ke nan rabona.

Kafin ta kashe ta ce, "Af, dankalin nan
da na ajiye maka tun bayan Sallah,
ya fitar da tsiro a cikin buhu.
In shuka, ko in jira?"

Direba ya kashe inji don tsimin mai.
Wani jirgi ya gifta can sama, yana ƙyafta jar fitila.
Inna na kan layi, katinta na ƙonewa,
ni kuma har yanzu ban amsa ba.