Tukunyar da Ba a Zuga Mata Wuta

Kafin ladan ya ida kiran farko
na riga na yanka albasa uku,
'yan Aleiro, jajaye, masu sa mutum kuka
ko babu wanda ya mutu.

Koren wake na tsinke masa kai da wutsiya,
ina karya shi biyu-biyu a faranti,
ƙas, ƙas, kamar ana taka kara a duhu.
Dankalin turawa shida.
Sai sosej ɗin naman sa da Arzika ya sayo a Birnin Kebbi,
na yayyanka shi kamar kwabbai,
na ɗan soya har gefensa ya yi ja.
Iyakar wahalar ke nan.

Dankali a ƙasa, wake a bisa, nama a samansu,
tattasai, attaruhu biyu, tafarnuwa,
gishiri abin da yatsu uku suka ɗauka,
romo kofi ɗaya, kada ya wuce.
Na rufe. Na murɗa zuwa ƙaramar wuta.
Wani ɗan jan ido ya kunnu, ya kafe ni.

Inna Tumba na bakin ƙofa da butarta:
"Wagga tukunya, ba itace, ba hayaƙi, ba fifita?
Mu da munka girma gaban murhu
ba mu san girkin da ke yin kainai ba."
Na ce, Inna, roƙona ɗaya ne,
kada ki buɗe.
Duk buɗewa, rabin awa ce ta gudu.
Ta ce, "Ni mi za ya kai ni?"

Asibitin Jega, ɗakin haihuwa.
Wata mata daga Kimba, tun jiya take naƙuda.
Mijinta na zarya a baranda, silifas ɗaya ya tsinke,
yana tambaya ko akwai allurar hanzari.
Na ce, malam, samu benci.
Akwai abin da ba a zuga masa wuta.
Ina rufe baki na tuna da wakena.

Da azahar aka ɗauke lantarki,
fanka ta juya sau biyu ta haƙura.
Na leƙa taga na dubi rana:
yau ke ce murhuna,
faranti biyu na shimfiɗa miki a kan kwanon gida,
ko bashinsu ban gama biya ba.
Ki yi aikinki, ina nawa.

La'asar ta wuce ba labari.
Ruwa a cokali, tawul a goshi,
numfasa, 'yar'uwa, kada ki yunƙura tukuna.
Sai dab da magariba,
namiji, kilo uku da 'yan kai,
ya tsala ihu kamar mai bin mu bashi.

Mai babur ya sauke ni bayan isha'i.
Tun daga zaure ƙamshi ya taryo ni,
saura kaɗan ya karɓi jakata.
Amma da baƙo a cikinsa,
baƙon da na sani tun ina goye:
daddawa.

Inna na kan tabarma, carbinta na gudu fiye da kullum.
"Sau guda na buɗe," in ji ta, ban ko tambaya ba.
A bayanta Nomau, autana,
ya ɗaga yatsu uku.

Waken ya yi laushi bai narke ba,
dankali ya sha romo har zuci.
Na zauna a ƙasa da fararen kayan aiki,
ƙafafuna na zugi,
na ci da hannu, ina ƙona yatsu.

"Naman da ba shi da ƙashi," in ji Inna,
"ni ban amince mai ba."
Kwanonta na gefe, an suɗe shi tas.

Can, har na fara gyangyaɗi,
ta ce da bango, ba da ni ba:
"Gobe in za a aza, a tashe ni.
Akwai busasshen kifin Yawuri cikin kwando."