Minti Uku

Daren Talata, ƙarfe bakwai,
a ɗakin cin abincin yara muke zama,
don rufin ɗakin taro yana yoyo tun kaka.
Kujerun nan na 'yan shekara tara ne;
gwiwar Wendell Prochaska ta kusa taɓo haɓarsa,
shi da ke shugabancin hukumar makarantu shekara goma sha ɗaya.

Ni ce mai rubuta bayanin taro.
Ba ni da ƙuri'a, sai alƙalami.
A waje ƙanƙara na sauka kan kututturen masara,
Nebraska ta yi tsit kamar mai bin bashi a bakin ƙofa.

Batu na shida: abin da ya rage a asusu.
Dala dubu tamanin da huɗu.
Gajeren bargo ne,
ka rufe kai, ƙafa ta sha sanyi.
Ga fitilun filin ƙwallo, rabinsu sun mutu.
Ga mota mai lamba tara da ke zuwa gidajen bayan mayanka.
Ga malamar karatu,
mai zama da yaran da baƙaƙe ke yi wa gardama.

Kowa minti uku.
Agogonmu na girki ne, mai siffar kaza,
a murɗa wuyanta, ta hau ƙirga.

Kocin ƙwallo ya miƙe da hula a hannu.
Ya ce daren Juma'a kaɗai garin nan ke zama gari ɗaya,
mai banki da mai fiɗa a benci guda, suna ihu da baki guda.
Ba ƙarya ya yi ba.
Abin da ya sa zancen ya yi nauyi ke nan.

Marisela Quintanar ta zo da takalmin aiki,
warin sabulun mayanka bai bar rigarta ba.
'Yarta Yaretzi ce tafinta.
Uwa ta ce mil shida ne, kuma ba ta tashi aiki sai asuba.
Yarinya ta fassara,
ta dubi ƙasa, ta ƙara abin da uwar ba ta ce ba:
"Ni ce zan taka."

Sai Orval Lindqvist, direban motar.
Bai yi jawabi ba.
Sunayen yara ya kira, kwana bayan kwana,
yadda yake ɗaukarsu cikin duhun safiya.
Kaza ta yi ƙara a suna na sha bakwai.
Wendell ya ɗaga guduma,
ya riƙe ta a sama
har Orval ya kai ashirin da uku.

Aka ɗaga hannu. Huɗu da uku.
Mota ta tsira.
Fitilu za a gyara biyu, don kada koci ya fita hannu rabbana.
Ragowar fa? Daga ina?
Kowa ya duƙufa kan takardarsa
kamar amsar na ɓoye a ƙasan shafi.

A layin baya Malama Adelheid Rasmussen na saƙa safar hannu.
Ba ta nemi minti uku ba.
Yaranta ba su iya rubuta koke ba tukuna,
ai shi ya sa suke wurinta.
Aka mayar da aikinta rabin rana.
Ba ta ɗago ba; zare ɗaya ya kuɓuce, ta kamo shi.

Na rubuta: an gabatar, an mara baya, an zartar.
Babu gurbi a takardata na gudumar da ta tsaya a iska,
ko na zaren nan.

A wurin ajiye motoci gilashina ya daskare.
Ina kankarewa da katin banki
sai ga ta, ta miƙo min nata makankari.
"Riƙe," ta ce, "ina da wani a gida.
Gobe ma an ce za a yi sanyi."