Masu Busan Hasumiya

A ɗakin kundaye na Wendelbrück,
ƙarƙashin ofishin magajin gari,
inda sanyi ke cizon yatsa ta cikin safa,
na je neman takardar gonar kakana,
na fito da Jost Hebenstreit.

Ga sunansa nan, tawada ta koɗe:
mai busan gari, shi da yaransa uku.
Ladansu jar riga duk shekara,
itacen hunturu, kuɗin kyandir.
Su hau hasumiya tun assalatu,
su busa wa masu gashin burodi safiya,
su busa wa baƙo, su busa in gobara ta tashi.
An taɓa cin sa tara don ya yi barci a bakin aiki.
Daga wannan layin na fara son sa.

Can gaba wani akawu ya rubuta:
majalisa ta sayi agogo.
Shi ke nan.
Agogo ba ya neman riga, ba ya gyangyaɗi.

Shekara ɗari biyu, hasumiya ta tantabaru ce.

Ni Wiltrud, da na ajiye aikin gidan waya,
ban san ta ina ake riƙe algaita ba.
Ottmar kafinta ya kwaikwayo tamu
daga zanen da ke bangon coci,
wata bakwai yana fafar icen tuffa.
Ranar da na fara hura ta,
maƙwabciya ta aiko ɗanta ya ji
ko agwagwa muke yankawa.

Muka kai biyar: ni, shi, direban bas,
likitan haƙori mai gajeren numfashi,
da Ilka, 'yar sha shida,
da ƙahonta na tagulla mai miƙewa ya dawo.

Ranar kasuwa muka hau.
Matakala ɗari da sittin da huɗu,
gwiwata ta ƙirga kowace ɗaya.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Muka busa, na kauce a sautin farko,
Ilka ta harare ni, na dawo hanya.
A ƙasa mai kifi ya ɗaga kai, wuƙa a hannu,
wata tsohuwa ta ajiye kwandonta.

Sai agogo ya fara buga tara,
daf da kunnenmu, ya danne mu ɗungum.

Muka sauke, muka bar shi ya gama faɗarsa.
Sannan muka ja numfashi,
muka ɗora daga inda Jost ya tsaya.