Rigar da Ta Kwana a Gidanmu

Kakana Jatau mabugi ne a Marwa,
rumfarsa na kallon yashin Kaliyau.
Shekara arba'in yana bugun kore
har baba ta yi gida a faratansa,
da shuɗin hannu aka kai shi makwanci.
Riguna dubu sun bi ta kan gungumensa,
ko ɗaya ba ta san faɗin kafaɗarsa ba.

Yakan ce a zamaninsu tufa tana da iyaye.
Rawani mai kunnuwa ɗan gado ne.
Alkyabba ba a tayawa a kasuwa,
yafa wa mutum ake yi,
hannun da ya yafa kuma ya iya yayewa.
Talaka in ya doso ƙofar Lamiɗo
takalminsa ke fara durƙusawa,
ya kwashe su a hannu,
rana ta gasa ƙasa, ƙasa ta gasa shi.

Dare ɗaya, in ji shi, ya tura ƙyaure,
ya zura aska takwas ɗin wani hakimi.
Babu madubi, babu fitila.
Ya tsaya a duhu kamar ɓarawon kansa,
ya naɗe hannun rigar bisa kafaɗa
yadda ya ga masu ita suna yi.
Ya ce, ashe nauyi gare ta.
Kafin kiran assalatu ya sake bugunta
don kada ta kai ƙarar warin jikinsa.

Babana Mato masinja ne a ofishin Faransa.
Suka ba shi jar dara da gajeren wandon kaki,
dattijo da furfura, gwiwa a waje.
Takalmi na kumanda ne, hular kwano ma tasa ce.
In za shi masallaci sai ya biya ta gida
ya tuɓe aikin, ya sa mutuncinsa.

Da tuta ta sauya, doka ta juya baya.
Matan dutse suka sauko kasuwar Mokolo
da gero a ka, da adon iyayensu a ƙugu,
jandarma ya gitta sanda: babu zane, babu shiga.
Innata Tabawa ta shimfiɗa tabarma a bakin hanya
tana ba da hayar zane, dala ɗaya zuwa la'asar.
Su ɗaura su wuce,
su dawo su kwance su miƙa.
Da wannan dalar aka saya mini allo.
Na ci, na sha, ban taɓa tambayar sunansu ba.

Ni tela ne.
Yanzu babu mai shela a kan tufa,
kuɗin yadi ya ɗauki bulalar dogari.
Mai shaddar jaka ɗari, ana tashi a ba shi kujera,
mai gwanjo ya nemi gindin darbejiya.
Lokacin zaɓe atamfar jam'iyya takan cika shagona,
nakan kwana ina juya almakashi
kada fuskar mai gida ta faɗo a mazaunin wata.

Shekaranjiya aka kawo wata farar shadda,
ta wani babba ce a hukumar kwastan.
Na gama wuya, na rataye, na fita alwala.
Ina dawowa na tarar da Ilu, autana,
ya shige cikinta, gefenta na sharar ƙasa,
yana ɗaukar kansa hoto a waya, yana dariya.
Tsakar rana, ƙofa a buɗe,
ko gezau bai yi ba.

Na ji wata murya ta daka tsawa: tuɓe!
Ka san ta wace ce?
Yaron ya tsaya, hannu ɗaya a sama.
Na waiga in ga dogarin da ya shigo.
Babu kowa a shagon
sai ni, da buta a hannu.