Saura Kashi Tara

Sahabi ya kulle ɗaki, ya jingina katifa a taga,
wai kada kukan kabu-kabu ya faɗa masa cikin waƙa.
Na ce waƙa?
Ina kalangu, ina 'yan amshi?
Wannan ai faɗa ne da wanda ba ya nan,
magana a guje, kamar an biyo ta da sanda.

Shekara talatin da biyu ina sammako Kalambaina,
na shaƙi siminti har ƙirjina ya koma bulo.
Da tari na biya kuɗin makarantarsa.
Takardar ta fito, ta kwanta a gindin akwati,
mai takardar kuma yana yi wa waya tsawa.

Daren Laraba aka ɗauke wuta tun la'asar.
Zafi ya koro mu tsakar gida,
irin zafin da bango ke amayarwa har asuba.
Ya matso tabarmata.
Baba, saura kashi tara, saurara.
Ya sa mini zare ɗaya a kunne, ya riƙe ɗaya.

Da fari duka kawai na ji, dum, dum,
kamar sakin taɓarya a gidan maƙwabta.
Can sai kalmomi suka fara tsayawa da ƙafafunsu.
Na ji famfonmu na Mabera da ke tofar da iska,
na ji farashin jarka a bakin ɗan garuwa,
na ji albasar Kawu Maccido tana ruɓewa a rumbu
saboda hanyar gona ta zama ta masu bindiga.
Na ji layin fansho.
Na ji tarina.
Yaron nan ya ɗauki tarina ban sani ba,
ya mai da shi ganga.

Na ce wa ya koya maka?
Ya ce wasu ne a hayin teku, jikokin waɗanda aka sayar,
unguwarsu na cin wuta, ba mai zuwa da guga.
Ba su da kuɗin kayan kiɗa, sai baki da tsohon faifai,
suka ce to, bakin ma ya isa.
Wasu kuma suka matse wuyan jita har ta yi kururuwa
don an ce su tafi yaƙin da ba su san mafarinsa ba.

Na yi shiru.
Ba teku nake gani ba, Inno nake gani,
uwata, durƙushe gaban dutsen niƙa a Dange,
shekarar da mai karɓar haraji ya kwance mana jar akuya.
Ba ta kira sunansa ba ko sau ɗaya.
Ta ce kura mai rawani, ta ce tulu mai ƙishirwa,
dutse na amsa mata, gero na zuba.
Kafin kasuwa ta ci, duk matan gari sun haddace,
mutumin ya daina bi ta bakin rijiya.

Ashe jika ne ya gaji kaka,
dutsen kawai aka sauya.
Wanda aka hana zauren shawara
dole ya yi magana inda za a taka rawa,
in ƙafa ta ɗauka, wata rana kunne zai tambaya.

Wayar ta mutu a tsakiyar baiti.
Sauro ya karɓi kiɗan.
Yana jira in ce ya bari, na san shirun.

Na ce, akwai gyara.
Ka ce talatin, talatin da biyu ne, kada ka ci mini biyu.
Kuma wurin layin fansho ka sa Bunu Gidan Igwai,
yana gabana da mutum uku, ya zauna hutawa, bai tashi ba.
Sannan ka rage gudu, ɗan nan.
Waɗanda kake yi dominsu
kunnensu ya fi nawa nauyi.